Shekarar da Alwalar Yaya Ta Ƙi Ƙarewa

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina da shekara goma, kuma abin da na fi tunawa da ita shi ne ɗibar ruwa. Jikokina kan tambaye ni yadda bikin ya kasance a Illo, suna jiran labarin tuta da maci. An yi tuta, an yi maci, zan zo kansu. Amma ni wuyana ne ya san shekarar nan, don a cikinta yayana ya fara alwalar da ba ta ƙarewa, ni ce kuwa mai tulu a gidanmu.

Mu biyar ne a gida: Baba, Inna, Kaka wadda ta haifi Inna, Yaya, sai ni. Baba falke ne, yana kora jakuna zuwa ƙasar Dahomi, wadda yanzu ake kira Benin, ya kai busasshen kifi da albasa, ya komo da abin da ya samu. Kaka Badandiya ce, in ranta ya ɓaci sai Hausa ta gudu daga bakinta, Dandanci ya fito. Yaya ya girme ni da shekara huɗu. Dogo ne, mai natsuwa, shi ne na ɗaya a ajinsu, kuma bai taɓa dukana ba, abin da a unguwarmu ake ƙirga shi cikin abin mamaki.

Da farko yabonsa aka riƙa yi. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana tsayawa ya kyautata alwala, yana tsefe tsakanin yatsu, wa zai ce a'a? Baba har nuna shi yake yi wa abokansa a zaure. Buta ɗaya ta zama biyu. Biyu ta zama uku. Kafin damina ta yi nisa, Yaya kan tsuguna bayan rumbu tun kiran azahar, sai an sallame a masallaci yana nan yana wanke hannun dama.

Rijiyarmu tana can bayan gari, kusa da wata tsamiya. Da ina zuwa sau uku a yini, randa ta cika, in tafi wasana. Yanzu sai in je sau shida, in dawo in leƙa randa in ga gindinta. Ran nan na dire tulu na ce wa Inna, "Ko dai randar nan ta tsage ne?"

Inna ta shafa ta ciki da waje, ta ce lafiyarta lau. Ta ce, "Yayanki ne. Ki yi haƙuri, ladan ibada ne, ke ma kina da kaso."

Na ce ni dai a ba ni kasona in huta. Ta jefe ni da mara.

Ni ce na fara gane cewa abin ba daɗi yake masa ba, don ni yake kira. Zai tsuguna da buta, ya ce, "Zo ki tsaya nan ki duba mini." In tsaya. Ya wanke fuska sau uku ina ƙirgawa da ƙarfi. Ya kai ga ƙafa, sai ya ɗago kai.

"Na wanke fuska kuwa?"

"Ka wanke, Yaya."

"Kin tabbata?"

"Ga ruwa nan yana ɗiga a haɓarka."

Sai ya taɓa haɓa, ya dubi yatsunsa. Can ya ce, "Bari dai in sake, hankalina ya fi kwanciya." Hankalin kuwa ba ya kwanciya. Da ya sake sai wani wurin ya taso: ko ruwa ya kai gwiwar hannu, ko kaza ta sa baki a butar, ko inda ya tsuguna akuya ta taɓa yin fitsari. A gidan da ke da akuya bakwai, wannan tambaya ba ta da ƙarshe.

A makaranta an fara koya mana maci tun watan bikin bai kama ba. Mutanen Dahomi sun riga mu samun nasu mulkin da 'yan makonni, fatake suka dawo suna ba da labarin kiɗan da aka sha a can, don haka hedimasta ya rantse ba za a ce Illo ta gaza ba. Kullum da yamma muna fili, hagu dama, hagu dama, rabinmu ba mu san hagu daga dama ba. Aka zaɓi Yaya ya riƙe babbar tuta a gaba, saboda tsawonsa da kuma ba ya wasa. Baba ya sayo masa farin takalmin kambas daga ƙetare, can Dahomi. Shi ne takalmi mai igiya na farko da ya shigo gidanmu, Kaka ta juya shi ta ce me ya yi da za a ɗaure shi haka.

Ranar biki muka fito da safe, kaina ya sha kitso, Yaya ya sha fari fat. Mun kai ƙofar gida ke nan ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana duban ƙasan takalmi.

"Na taka kashin kaza."

Na duƙa na duba. Ba komai sai ƙura. Na ce, "Ba ka taka ba."

"Na ji kamar na taka. Ki wuce, ina zuwa."

Na wuce. Aka jera mu, aka raba mana 'yan tutoci masu kore da fari, hakimi ya iso, mai ganga ya fara. Hedimasta yana ta leƙen hanya yana duba agogo. Da ya gaji sai ya damƙa tutar ga wani gajeren yaro wanda iska ta riƙa ja yana tangaɗi, mutane suna dariya suna tafi. Aka ba mu shinkafa da nama, aka ba kowa kofi. Na karɓi nawa, na ce a ba ni na yayana, na dawo gida da kofi biyu da niyyar in yi masa tsiya.

Ban samu yi ba. Na tarar da shi bayan rumbu, takalman a jiƙe sharkaf a gabansa, wandonsa duk laka. Baba na tsaye a kansa, ya dawo daga fili da fushinsa, har da tsumagiya a hannu. Amma bai ɗaga ta ba, hannuwan Yaya yake kallo. Fatar ta yi fari ta tsattsage, tsakanin yatsu har jini. Mun daɗe muna ganin hannuwan nan, amma ranar ce muka dube su.

Baba ya ce, "Mi ya same ka, wanga yaro?"

Yaya ya fashe da kuka. Ya ce, "Baba, na san ban taka ba. Wallahi na sani. Amma in ban wanke ba, ji nake kamar wani mugun abu zai faru, kuma ni na jawo."

Baba ya jingine tsumagiyar jikin rumbu, ya shiga ɗaki.

Daga nan gida ya cika da masu magani. Kaka ta ce aljanin ruwa ne, tun da ruwa yake nema, ta aika aka zo da wata ƙawarta daga ƙetare. Matar ta turara Yaya da wani haki mai wari har akuyoyi suka bar gidan, ta ce kada ya kusanci gulbi. Yaya dama ba ya zuwa gulbi. Wani maƙwabci ya ce boko ne ya taɓa masa kai, a cire shi daga makaranta. Wani ya ce iskanci ne kawai, a ba shi kashi. Baba ya kai shi ɗakin shan magani, malamin asibiti ya duba idonsa da harshensa, ya ce jikinsa lafiya lau, ya ba da man shafawa don hannu. Man ya yi amfani, sai dai Yaya kan wanke shi kafin ya shiga fata.

Inna ta ɗauki tata dabarar, ta ɓoye buta. Yaya ya koma moɗa. Ta ɓoye moɗa, ya koma ƙwarya. Ya rame, ya bar zuwa wasa, a aji kuma sai ya rubuta layi ɗaya ya goge ya sake har takarda ta huje. Yara suka sa masa suna agwagwa. Na yi dambe biyu a kan sunan nan, na ci ɗaya.

Da aka ba da hutun makaranta, lokacin yankan shinkafa, Baba ya ce zai kai shi Geza wurin kawunsa. Kawun Baba malami ne kuma manomi, mu muna ce masa Malam. Baba ya ce in shirya ni ma, don ni ce na san abin tun daga tushe, shi in an tambaye shi ba zai iya ƙirga butoci ba. Na yi murna ƙwarai, don ko ba komai zan rabu da rijiya.

Mun sami Malam a ƙofar gida yana gyaran lauje. Tsoho ne gajere mai yawan dariya, haƙoransa na gaba biyu sun tafi. Bayan an gaisa an sha fura, Baba ya fara bayani yana kewaye-kewaye. Malam ya ce, "Bari ɗiyar nan ta faɗi, na ga bakinta yana motsi." Na kuwa zazzage masa komai, har da kashin kazar da babu shi. Yaya ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Malam ya dube shi ya ce, "In ka zo niyya, sau nawa kake tada kabbara?"

Yaya ya ɗago da sauri, don ba wanda ya san wannan, ko ni. Ya ce, "Wani lokaci goma."

"Ni na kai ashirin," in ji Malam. "Ina kamar shekarunka. Har liman ya taɓa cewa in koma sahun baya, ina ruɗa masa mutane."

Baba ya saki baki. Yaya kuwa, a karo na farko cikin watanni, na ga ya yi murmushi.

Malam ya ce abin sunansa waswasi, kuma malamai sun san shi tun da daɗewa. Ya ce wa Baba, "Ba aljani ba ne, ba kuma rashin kunya ba. Ciwo ne kamar kowane ciwo, sai dai shi a tunani yake zama. Yakan kama masu tsoron Allah da masu son su yi abu daidai. Duka ba ya fitar da shi, ƙara masa ƙarfi yake yi." Sa'an nan ya juya ga Yaya. "Abin nan roƙo yake yi. Ya ce ka ƙara sau ɗaya ka huta. Ka ƙara, ka huta kaɗan, ya dawo ya fi da yunwa. To, a gidan nan ba mu ba shi ko loma."

Dokar Malam gajera ce. Moɗa ɗaya ta ruwa, alwala ɗaya, a tashi a yi salla ko zuciya tana ihu cewa ba a gama ba. Yaya ya ce, "Malam, in sallar ba ta yi ba fa?"

"In akwai laifi, a wuyana. Na ɗauka. Kai dai bi ni."

Ni ma aka ba ni tawa dokar, ta kuwa fi ba ni wuya. Malam ya ce, "Ke, in ya tambaye ki ko ya wanke, kada ki amsa."

Na ce, "Malam, ai taimakonsa nake yi."

"Na sani, ɗiyata. Amma duk amsar da kika ba shi, ba shi ke ci ba, ciwon ke ci. Ki ce masa Malam ya hana, ki kawo wata hira."

Baba ya kwana biyu ya koma, ya bar mu. Azahar ta farko ba zan manta da ita ba. Malam ya auna ruwa da kansa, ya tsuguna kusa da Yaya, suka yi alwala tare. Ruwa ya ƙare daidai ƙafar hagu. Yaya ya miƙe, gumi na karyo masa, ya waiwayo ya dube ni.

"Na shafi kai?"

Na gani da idona ya shafa. Kalmar tana kan harshena. Na ce, "Malam ya hana." Sai na tuna an ce in kawo wata hira, na rasa abin cewa, na ce, "Yaya, ka san jakin gidan nan ido ɗaya gare shi?"

Ya harare ni kamar ya cinye ni. Malam ya kama hannunsa, suka shiga masallaci. Da suka fito na ji Malam yana tambayarsa, "Yanzu yaya tsoron, ya kai na ɗazu?" Yaya ya ce ya ɗan ragu. Malam ya ce, "Haka yake. In ka ƙyale shi yakan gaji ya zauna da kansa. Gobe ma zai zo, mu kuma muna nan."

Sauran yinin a fadama muke yinsa. Malam ya ba Yaya lauje ya tura shi cikin masu yanka, laka har ƙwauri, ba wurin wanke hannu sai an tashi. Ni ina cikin mata muna ɗaure dami, ana waƙa ana zolayar juna, rabi da Hausa rabi da Dandanci. Da rana a kawo tuwo a ci a bakin gona. Ranar farko Yaya ya ƙi ci, ya ce hannunsa. Malam ya zuba masa ruwa sau ɗaya, ya ce, "Ci, ko in cinye." Ya kuwa fara cinyewa da gaske. Yaya ya ga tuwo na tafiya, ya sa hannu.

Ba kullum ake nasara ba. Ran nan na kama shi a bayan gida da tulun matar Malam, ya kusa ƙarar da shi. Ya roƙe ni kada in faɗa. Ban faɗa ba, amma tulu ya faɗa, don matar Malam ta san ruwanta. Na zaci za a yi faɗa. Malam ya ce kawai, "Yau ya ci mu. La'asar tamu ce." Akwai kuma ranar da Yaya ya yi fushi da ni ya yini bai kula ni ba, ya ce ni muguwa ce, kalma ɗaya ta gagare ni. Na shiga ɗaki na yi kukana. Matar Malam ta ba ni gyaɗa, ta ce ita ma haka ta sha da wata ƙanwar Malam da abin ya taɓa, wai a danginsu yake yawo.

Labaran da na ƙirƙiro don kauce wa tambayar Yaya ba su da iyaka. Na ba shi labarin jaki, na ba shi na kazar da ke kwana kan rumbu, na ƙare har da ƙaryar cewa na ga dorina a fadama. Wata rana ya buɗe baki zai tambaya, ya dube ni, ya ce, "Bar shi, na san wani jakin za ki kawo." Muka yi ta dariya har Malam ya leƙo. Kafin hutu ya ƙare tsagar hannunsa ta rufe, sai kantar lauje.

Da za mu koma Illo, Malam ya rako mu har bakin gari, ya ce wa Baba ya gaya wa mutanen gida dokar nan, kowa da kowa. Inna ta kiyaye. Kaka ce matsala, don tausayi ba ya barinta. In Yaya ya tambaya sai ta amsa masa da Dandanci a hankali, wai ita a ganinta Malam Hausa ya hana. Sai da Yaya da kansa ya ce, "Kaka, don Allah ki bar amsa mini," sa'an nan ta bari, tana gunaguni.

Ba zan ce ya warke sarai ba. Ya gama makaranta, ya bi Baba fatauci, daga baya ya buɗe shagon kansa a Bagudo, ya yi aure ya tara iyali. Amma in hankalinsa ya tashi abin kan leƙo. Da Baba ya rasu ya dawo masa sosai wajen wata biyu, wannan karon a kan kulle shago: ya kulle, ya tafi, ya dawo ya taɓa kwaɗo, ya tafi, ya dawo. Lokacin Malam ya daɗe da rasuwa. Matar Yaya ta aiko mini, na je na koya mata abin da aka koya mini, muka lallaɓa har ya sauka.

Ni kuwa na zama malamar makaranta, na yi shekaru ina koyar da 'yan aji uku. Abin da na gani a gidanmu ya sa ban cika saurin ɗaukar bulala ba. Na ga yarinyar da ke surutu a gida amma a aji ko sunanta ba ta iya faɗi, na ga yaron da zama wuri ɗaya ke yi masa kamar an ɗora shi kan garwashi, na ga wadda ta bar wasa da cin abinci bayan rasuwar uwarta aka ce taurin kai ne. Ban san maganin kowanne ba. Abin da na iya shi ne in kira yaro gefe in tambaye shi abin da yake ji, in kuma je gidansu in roƙi iyaye su ajiye sanda mu yi magana. Waɗansu sun ji, waɗansu sun ce malama ta cika shisshigi.

Mun manyanta sosai lokacin da na raka Yaya babban asibiti saboda hawan jini. Muna jira sai na ga an rubuta a wata ƙofa cewa nan ake ganin likitan ƙwaƙwalwa. Na ja shi muka shiga, yana ta cewa shi lafiyarsa lau. Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta saurari labarin tun daga buta har kwaɗon shago, ta ce ciwon sananne ne, yakan fara tun ana yara ko a farkon balaga, kuma yanzu har ƙwayoyi akwai ga wanda abin ya yi wa tsanani. Da na faɗa mata dokar Malam ta moɗa ɗaya da hana amsa, ta ajiye biro ta tambayi inda tsohon ya yi karatu, don su ma kusan haka suke yi. Na ce a Geza, tsakanin masallaci da fadama.

Yaya ya gyara hula ya ce, "Likita, wai a ko'ina ana yinsa? Har ƙasar Turawa?"

Ta ce, "Har can, Baba. Ba ƙasar da babu shi."

Can ya ce, "To su da ba su alwala, mi suke wankewa?"

Likitar ta yi dariya har ta dafe tebur. Ta ce hannu suke wankewa, su kuma duba ƙofa da murhu. Yaya ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce Allah ya ba su lafiya, sa'an nan ya ce in tashi mu tafi kada layin awon jini ya wuce mu.